Shekarar da Yaya Ta Farke

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara, da kuma keken ɗinkinki, wanda na san ya fi su duka samun kulawa. Ni da sauƙi. Likita ya ce hoton ƙarshe ya yi kyau. A tsaye ya faɗa yana duba agogo, shi ya sa na yarda da shi, don in labarin ba daɗi sai ya ja kujera. Gashina ya fara tsirowa, fari fat irin na kakarki, yayar kakata, wato dangantakar nan tamu da kike tunawa duk lokacin da ake cike wa yaranki takardun makaranta. Yau ni ce na tuna da ita.

Direban da ke zuwa garinku zai ba ki ƙunshi tare da wannan wasiƙa. Abin da ke ciki shi ne shekarata. Lokacin da aka fara min maganin ciwon daji, wata ma'aikaciyar asibiti mai murya kamar tana lallashin jariri ta ce in riƙa rubuta abin da ke zuciyata. Shekara ashirin ina duba rubutun ɗalibai, na san abin da mutum ke zama idan aka ba shi farar takarda aka ce ya faɗi zuciyarsa. Sai na ɗauki allura. Duk mako ina yanka ƙyalle ɗaya, faɗin tafin hannu, daga duk yadin da makon ya kawo gabana, in ɗinke shi da hannu a jikin na makon jiya. Daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, har hamsin da biyu. Yanzu ya kai girman bargo, amma fuska ce kawai.

Abin da nake so ki yi kaɗan ne: ki sa masa auduga a tsakiya, shafi a baya, ki kalmashe bakin. Yatsuna ba sa iya tura allura ta ratsa ninki uku, maganin ya tafi da rabin jinsu.

Ga dalilin gaggawar. 'Yarki, wato tawa ɗin nan da kike cewa taki ce tun ranar da kika goya ta sau ɗaya, za ta zo hutu ƙarshen watan jibi. Ni na hana ta barin karatunta ta zo jinya. Duk kiran da ta yi, na ce mata da sauƙi, na ƙara da abin dariya. Daga baya wata mai son lada ta tura mata hotona ba ɗankwali. Ta kira ni ta ce, “Mama, ke ba kya faɗin gaskiya sai kin naɗe ta a wasa. Ban san me ya same ki ba, kuma na gaji da tambaya.” Tun daga nan kiranta ya koma na gaisuwa, irin wanda ake yi wa shugaban wurin aiki. Na yi mata alkawari in ta zo ba zan ba ta labari ba, zan shimfiɗa mata shi ta gani da idonta, mako mako. Ta ce za ta gani. 'Ya ɗaya gare ni, kin sani.

In kin buɗe ƙunshin ki zauna tukuna, kada ki suma. Ɗinki ne wanda ko kyanwa za ta yi shawara kafin ta kwanta a kai. Na san tela irinki ba za ta iya barci da wannan aika-aika a cikin shagonta ba, kuma da ina da hannunki ai da ba haka ya fito ba. Allah bai ba ni ba, ya ba ni digiri uku maimakonsa, kowa da rabonsa.

Ƙanwarki.

*

Malama ƙanwata,

Saƙo ya iso lafiya. Mun gode Allah da jin labarin hoton nan, maigidan ma ya ce in yi miki barka. Mu duk lafiya, sai ƙafata da ke kumbura in na daɗe a kan keke, sai kuma wuta da ba ta zama.

Na buɗe ƙunshin a gaban matan da ke jiran kayansu. Gaskiya kika faɗa, sai da na zauna. Matar mai kantin magani ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe a jami'a ba a koyar da layi madaidaici. Na ce mata ta kama bakinta, mara lafiya ce ta yi, kuma ƙanwata ce. Amma tsakanina da ke, Malama, wani wurin kamar kaza ce ta bi ta kai da zare a ƙafa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na fahimci abin da kike jin nauyin faɗa. Ki bar min komai. Yarinyar nan ba za ta ga abin kunya ba ina raye.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Fatan ƙafar ta sace, kuma matar mai kantin magani ta farfaɗo daga dariyar. Ki gaya mata na gode, rabon da in ba wani nishaɗi haka tun ranar da na yi amai a kwandon shara na shugaban sashenmu. Ni da sauƙi, na koma aji, ɗalibai suna kallona kamar wadda ta dawo daga lahira ba tare da ta kawo musu tsaraba ba.

Wata guda ke nan ban ji daga gare ki ba. Aikin da na ba ki na yini biyu ne ga mai keke. Na kira ki ran nan, kika ɗauka keken yana ruri, kika ce in kwantar da hankalina kika kashe. A sanina, duk wanda ya ce min in kwantar da hankalina a shekarar nan, allura ce a ɗaya hannun nasa. Sai na koma na sake karanta wasiƙarki. Ban san abin da kika fahimta ina jin nauyin faɗa ba. Ban taɓa jin nauyin faɗin komai ba, matsalata ke nan da mutane.

Tunda shiru ya yi yawa, bari in gaya miki abin da ke kan teburinki, ko kya ɗan rage dariya.

Shuɗin farko a kusurwar hagu hannun rigata ne. Ranar ƙarin ruwa na farko hannuna ya kumbura, suka yanke hannun rigar da almakashi, ma'aikaciyar tana ba ni haƙuri a kan rigar, ba a kan hannun ba. Ɗinkin wurin a miƙe yake, don a lokacin ina ganin abin wasa ne, ina ma ƙirga tazarar allura.

Mai manyan furannin nan a layi na biyu ɗankwali ne da wata abokiyar aiki ta kawo min makon da gashina ya zube. Ta ɗaura min da kanta a ofis, ta ja baya ta ce na fi kyau a haka. A juye na ɗinka shi, bayansa a waje, da gangan.

Akwai fari mai ratsin zinariya. Wannan mayafin teburin ɗakin taronmu ne. A kansa aka raba darussana tsakanin mutum uku ina zaune, bayan an buɗe taron da yi min addu'ar samun lafiya. Da kowa ya fita na ciro almakashi a jaka na yanki kusurwar. Har yau teburin da giɓinsa, suna ɗora kwalbar ruwa a wurin.

Layi na huɗu da na biyar, inda kazarki ta bi, lokacin ne yatsuna suka mutu. Ina ganin allurar, ba na jin ta. Sai na ga jini a yadin kafin in san na soki kaina, shi ne tabon da ke kan ruwan tokar nan, wanda na yanko daga rigar da asibiti ke ba mutum, mai buɗaɗɗen baya, wadda ke koya wa farfesa cewa shi ma jiki ne. Kusa da shi akwai ɗan fari da ɗinki uku kacal ke riƙe da shi. Makon nan ukun nan ne iyakar abin da na iya. Ban tuna komai na makon ba, sai da na ga ɗinkin daga baya na san na rayu a cikinsa.

Daga nan ɗinkin yana miƙewa a hankali, ya sake karkacewa, ya sake miƙewa. Ba ni da wani lissafi na shekarar nan bayan wannan. Maganin yana wanke kai kamar yadda ake wanke tukunya, watanni sun manne da juna. In na ɗora yatsa a ƙyalle, makon yana dawowa. In babu shi, hazo ne.

Auduga, shafi, kalmasa. Ki aiko da direban ranar da ya fi kusa.

Ƙanwarki.

*

Malama ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ƙafa da sauƙi. Doguwar wasiƙarki ta iso jiya, na ajiye ta a aljihun keke, zan karanta in na samu sarari, don kin san rubutunku na 'yan boko sai mutum ya ci ya ƙoshi. Na so in yi shiru sai kin gani da idonki, amma daɗi ya hana ni.

An gama. Sati uku na ture ɗinkin mutane saboda ke, har wata ta kwashe yadinta ta kai wani wuri, ban damu ba. Ke da bakinki kika rubuta cewa da kina da hannuna da ba haka ya fito ba. Da na karanta wurin sai da na yi ƙwalla. Na ce ga ƙanwata da girman kanta, ciwo ya sa ta roƙo a kaikaice. To ga hannuna na ba ki aro.

Na sa reza na farke shi gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, zaren da na tsince ya cika roba. Na wanke, na goge, na daidaita bakin kowanne da almakashi don ba biyu da suka zo daidai. Sannan na jera su yadda ido ke so, masu duhu a gefe, masu haske suna shigowa tsakiya kamar fitowar rana. Mai furannin nan da kika ɗinka a juye, na san idonki ne bai gani ba, na juyo da shi, shi ne ma a tsakiya don ya fi kowanne kyau. Wasu kam ba su gyaruwa. Akwai wani ruwan toka mai tabo, da wasu tsummokara kusan goma da ko a ƙafa ba za a sa su ba. Na cire su na cike gurbin da ragowar yadi masu tsada na masu kawo min ɗinki, ba wanda zai gane.

Na rataye shi a shago kwana biyu kafin in naɗe. Mutum huɗu sun tambayi irinsa. Matar mai kantin magani ta kama baki ta ce ba shi ba ne. 'Yata za ta gani ta san uwarta ba ta kwanta ta miƙe ƙafa ba.

Ba sai kin biya ni komai ba.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, har ta fi yadda nake zato, tunda na karanta wasiƙarki har ƙarshe ban faɗi ba.

Ki ciro tawa daga aljihun keke ki karanta. Ba doguwa ba ce sosai, ba ta kai sati uku da reza ba.

Na rubuta miki abu uku a jere, da kalmomin sana'arki, don kada a samu kuskure. Kika tsallake su kika je kika tsinci layi ɗaya da ya yabe ki, kika gina shago a kansa. Wasa nake yi, Yaya. Na ɗauka duk wanda ya san ni shekara arba'in ya san in na ce wani ya fi ni, to a duba da kyau. Ashe yabo ba ya bukatar a duba shi, shiga kawai yake yi.

Na yarda kin iya ɗinki. Ba a taɓa musun wannan ba, ke ma ba kya bari a manta. Abin da ban sani ba shi ne akwai mutumin da zai ga tabon jini a ɗinkin mai ciwon daji ya ce a ransa, wannan ƙazanta ce, bari in sa leshi a wurin. Likitoci uku sun yi shekara suna fama su warkar da ni daga yau zuwa gaba. Ke kin warkar da ni daga yau zuwa baya, a sati uku, kyauta. Yanzu ina da shaidar cewa na yi shekarar nan a tsakiyar furanni rana tana fitowa.

Ba na neman ki ba ni haƙuri, na san za ki ba ni ne da irin muryar da ake ba mahaukaci. Abu ɗaya nake so. Ƙyallayen da kika cire, musamman ruwan tokar da ɗan farin, ki tattara min su ko a wane hali suke, ki haɗa da zaren da kika ce ya cika roba. Kada ki wanke, kada ki goge, kada ki daidaita musu baki. In hannunki ya yi ƙaiƙayi ki zauna a kansa. Yarinyar za ta iso nan da mako biyu. In na samu ko goman nan, zan iya shimfiɗa mata su a tebur in ce ga tsakiyar shekarar, sauran ki yi haƙuri, an kai su gyara.

Ƙanwarki.

*

Malama,

Muna lafiya. Na karanta duka biyun, tunda an ce ban iya karatu ba.

Tsummokaran babu su. Ruwan tokar na goge man keke da shi, sauran an share su da shara tun makon farko, zaren ma haka. Da kin faɗa min tun farko a fili cewa kayan tarihi ne da na sa su a akwati. Mutum ya rubuta abu, a yi masa, ya ce wasa yake yi. Mu ba mu yi jami'a ba, in mun ce abu shi muke nufi.

Kuma bari in gaya miki a matsayina na babba. Ciwo ba abin ado ba ne da za a shimfiɗa wa yarinya. Allah ya tashe ki, sai ki gode masa ki rufe abin da ya wuce. Wace uwa ce ke tara jininta ta ajiye wa 'yarta? Ni abin da na yi don Allah na yi, da ƙafata a kumbure.

Ga bargonki nan wurin direba. Na sa shi a leda biyu saboda ruwa.

Yayarki, ko ba a so.

*

Yaya,

Ina gaishe ki da mutanen gida. Fatan keken yana jin daɗin mansa. Ni da sauƙi.

Bargo ya iso a ledarsa biyu, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Yana da kyau. Maƙwabciyata ta gani ta tambayi kantin da na saya.

'Yarki ta zo, ta kuma koma jiya. Tunda kina da hannu a ziyarar, ya kamata ki ji yadda ta kasance.

Ta rame, ta yi tsawo a idona, ta shigo da jaka ɗaya. Ta rungume ni a hankali kamar an gaya mata ina fashewa. Washegari bayan mun karya ta ture kofinta ta ce to, ina abin da za a nuna mata. Na yi tunanin in ɓoye shi in ce ya ɓace a mota. Sai na ga ƙarya ce za ta hau kan waɗanda take tuhumata da su, don haka na ɗauko na shimfiɗa a kan gado.

Ta daɗe tana kallo. Ta bi layin ɗinkin da yatsa tun daga wannan gefe har wancan, ba inda ya yi tuntuɓe. Ta tsaya a kan furannin tsakiya. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Har a nan ma sai da kika yi kwalliya.”

Na gaya mata abin da ya faru, da reza da komai. Ta yarda, don ta san ki. Ta ma ɗan yi murmushi da na zo wurin man keke. Sai ta zauna a bakin gadon ta naɗe hannu ta ce, “Shi ke nan, bargo ya tafi. Ke kina nan. Ki faɗa min da baki.”

Na gwada, Yaya. Ki rubuta wannan a wani wuri, don ba kowa ya taɓa ganin na gwada abu na kasa ba. Na fara da ƙarin ruwan farko, ya zo daidai. Daga nan na nemi abin da ya biyo baya na rasa. Na ɗora hannu a bargon don ya tuna min, yatsana ya sauka a kan wani leshi ruwan hoda na wata mata da ban sani ba, wataƙila ta sa shi ta je biki ta ci ta sha. Ban san ko gashin ne ya fara zubewa ko yatsun ne suka fara mutuwa ba. Watannin tsakiya, waɗanda su take tambaya, ba abin da ya zo sai fitilar silin ɗin asibiti. Ni kuma ban iya shiru ba, sai na ji bakina yana ba ta labarin mayafin teburin taro. Labari ne mai ban dariya, na kuma iya ba da shi. Ina cikin kwaikwayon muryar shugaban sashe na ga fuskarta ta rufe.

Ta bari na kai ƙarshe, don tana da tarbiyya. Sannan ta tashi ta ce bari ta ɗora ruwan zafi. Ba ta sake tambaya ba. Sauran kwanakin ta yi min wanki, ta jera min magunguna a kwali, ta canja ƙwan fitilar bayan gida, ta raka ni asibiti ta yi wa likita tambayoyi masu kyau ta rubuta amsa. Duk abin da 'yar kirki ke yi ta yi shi. Da safe ta ce ina kwana, in ce lafiya, ta ce madalla.

Da za ta tafi na naɗe bargon na ce ta tafi da shi, garinsu da sanyi. Ta ce jakarta ta cika. Jakar ba ta cika ba, ni na zuge mata zif ɗin.

Direba zai kawo miki shi ranar da ya saba, a ledarki biyu. Ki mayar da shi inda kika rataye, ki karɓi aikin mutum huɗun nan kafin su huce. In an tambayi wanda ya yi shi, kada ki ce ƙanwarki mara lafiya, ki faɗi gaskiya. Naki ne.

Ƙanwarki.